Albasata Ta Ruɓe, Ga Mota Tafe

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙunmu a rediyo, sannu da ƙoƙari. Ni ne Garba, mai sayar da albasa a kasuwar Argungu, kuma yau ba barkwanci ya kawo ni ba.

Shekara goma sha ɗaya ina ajiye albasa ba ta taɓa ruɓe mini ba. Daga Birnin Kebbi har Sakkwato an san ni. Mama Ngozi, mai lodi zuwa kudu, ko buɗe buhuna ba ta yi. Bana da na duba ajiyata, rabi ta zama ruwa, ga motarta tafe ran Juma'a.

Na zauna na tambayi kaina, da can me nake yi daidai? Ashe da ƙafata nake shiga fadamar Zauro, in tsuguna, in matsa wuyan albasa. Wadda wuyanta ya bushe kaɗai nake saye. Da na yi suna, sai na zauna rumfa ina aike. Aka kawo mini manya masu ƙyalli da sunka sha takin zamani, na yi ta murna, ashe ba su jure ajiya.

Malam, na iya jera masu kyau a bakin buhu, wallahi na iya. Amma sunana fa? Jama'a, ku ba ni shawara, yaya zan yi kada in rasa matar nan?

Mama Ngozi, na san kina jin Hausa kuma shirin nan ba ya wuce ki. To, kin ji. Ran Juma'a ki buɗe kowane buhu.