Idon Ruwa na Ƙarshe a Taswirar Delbert

Mai girma Alƙalin gunduma, Fasto Hulsey, dattawan ƙungiyar makiyaya, uwargida Imogene da 'yarki Twila, jama'a, sannunmu da wannan rashi.

Delbert Yarbrough ya kasance maƙwabcina tun muna hawan doki ba sirdi. Ya kasance mai taurin kai, kowa a nan shaida ne. Ya kasance mai riƙe da tsohuwar taswirar nan da gwamnati ta zana a zamanin kakanninmu, wadda ta nuna kowane tudu da kwari, ta sa wa kowane idon ruwa ɗigon shuɗi.

Da ita ya yi mana hidima. Yakan bi alamun tsofaffin rijiyoyin mai da aka watsar ba a toshe ba, ya gano su, ya addabi hukuma. An toshe wasu. Sauran suna nan suna aman zartsi a ƙarƙashin makiyayarmu. Duk idon da ya ƙafe ko ya lalace, sai Delbert ya soke shi da jan fensir. Ranar da ya soke nawa na ce, "Wai kai maƙwabci ne ko mai haƙa kabari?" Ya ce, "Wallis, je ka sayar da ƙwarangwal ɗin shanun nan naka, ka bar cika ni da surutu." Dariya yake yi.

A ƙarshe ɗigo ɗaya ya rage, na bayan gidansa. Yana kwance ba lafiya shanunsa suka fara ƙin ruwan. Imogene ta ɓoye masa, ta riƙa ɗebo masa ruwa daga cikin gari. Ya kurɓa, ya dube ta, ya ce, "Tsohuwa, tun ina rarrafe nake shan ruwan gidan nan. Wannan na famfo ne. Miƙo min fensir." Ta ce, "Ba zan miƙo ba." Bai sake roƙo ba, bai kuma sake tambayar shanu ba.

Imogene, ƙungiya ta turo ni in roƙe ki kada ki sayar da gandun. Bakina ya ƙi. Ki zauna ki shayar da shanun me? Twila, ɗauki mahaifiyarki ku tafi. Mu ma muna tafe, kuma zuciyata ta karye, don ban san wanda zai rage ya riƙa share kabarinsa ba.

Mun gode wa duk wanda ya ƙona mai ya zo. Ya Ubangiji, ka ba bawanka Delbert hutawa. Mu kuwa, a da ruwan sama muke roƙo, yanzu mun san ba zai wanke abin da ke ƙarƙashinmu ba. Ba mu san abin da za mu roƙa ba. Ka dai ji tausayinmu. Amin.