Wace Riga Ta Sa?

A bakin tashar mota ne, wata mata ta ci birki gaban teburin wata tsohuwa mai sayar da lemo, tana haki.

"Inna, don Allah ba ki ga 'yata ba? 'Yar shekara huɗu. Yanzun nan hannunta ke cikin nawa!"

"Wace riga ta sa?"

"Shuɗiya."

Tsohuwar ta ƙare mata kallo. "Ban ga mai shuɗiya ba."

"Innalillahi! Da hannuna fa na sa mata!"

"Baiwar Allah, tsoro ne ya toshe miki kai. Yi salati, ki koma gida a ranki. Da kuka tashi me aka yi?"

"Haba Inna, ina neman 'ya kina ja na da labari?"

"Me aka yi, na ce."

Matar ta runtse ido. "Na yi mata wanka, na sa mata shuɗiyar. Na ba ta shayi."

"Sai me?"

"Ta kifar da shi a jikinta. Na make ta, na tuɓe rigar." Ta buɗe ido. "Rawaya ce, Inna. Rawaya mai aljihu. Tun daga gida ba ta ce min uffan ba."

Tsohuwar ta ɗaga zanin da ya lulluɓe teburin. Ga yarinyar nan a tsugune, tana tsotson lemo.

"Cewa ta yi in ɓoye ta, fushi take da Mama. Ni kuwa ba na miƙa 'ya ga wadda ba ta san rigarta ba."