Mijin Cikin Littafi

A shagon littattafai na tashar jirgin ƙasa ta Leipzig, Torben na goye da 'yarsa a gaba. Ya matsa kusa, ganin wata dattijuwa tana ƙyalƙyala dariya kan littafin zanen da matarsa ta yi game da zamansu.

Ya ce mata, "Mama, mijin nan na cikin littafin mai zaman raino, matarsa na wajen aiki, sakarai ne, ko?"

"Sakarai? Shekara arba'in mijina bai san inda tukunya take ba! Wannan ko ya ƙona miya, ai shi ya ɗora ta. Uku zan saya wa mazan 'ya'yana."

Torben ya sauke ajiyar zuciya.

Ta dubi zanen, ta dube shi.

"Matarka na son ka, ɗana. Har kunnuwan nan ta rage maka."