Matar da ke Lamba Sifili

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaban taro, malamanmu da suka jure taurin kanmu wata tara cur, iyaye da mazaje da matan aure da suka yi haƙurin rashinmu a gida, 'yan uwana masu karɓar shaidar koyon rubuta manhaja, jama'a baki ɗaya, barkanmu da ganin wannan rana. Na gode da aka zaɓi nas ta yi magana a madadin aji, alhali akwai waɗanda suka fi ni baki. Dogo mai gyaran waya, da kai nake.

Abu na farko, mun shigo muna tsammanin kowane yaren kwamfuta da irin ciwon kansa. Ashe mai Python da mai Java da mai JavaScript kuka ɗaya suke yi. Me ya sa aikin nan ya ƙi tsayawa? Me ya sa na haɗa biyu da biyu aka ba ni ashirin da biyu? Kowa na da tambayar, kowa kuma na ɓoye ta don kada a ce bai iya ba.

Abu na biyu, ni ce shugabar masu ɓoyewa. Na rubuta wa asibitinmu manhajar da ke tura wa masu ciki saƙon ranar awo. Mata ɗari biyu ne a jerin, amma kullum saƙo ɗari da casa'in da tara ke fita. Mace ɗaya ba ta samu, ban kuma san wace ce ba. Jama'a, mako uku na yi ina duba abin nan ni kaɗai saboda girman kai. Wallahi har yau ina jin kunyar makonnin nan.

Ranar da tsoro ya fi ƙarfin kunya, na miƙe a tsakiyar aji na faɗa. Dogo ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Hajiya nas, daga nawa kika fara ƙirga?" Na ce daga ɗaya mana, kamar kowane mai hankali. Aji ya kwashe da dariya, malam ya ce kowa a ɗakin nan ya taɓa faɗawa wannan ramin. Yaren R da na fara koya daga ɗaya yake ƙirga, Python da na rubuta manhajar da shi kuwa daga sifili. Duk wadda ke kan gaba a jerin, tsallake ta nake yi.

Na buɗe jerin, na duba wadda ke kan gaba. Matar wani mai faci ce, cikinta wata takwas, ga hawan jini. Na kira ta, ta ce, "Ai ban ga saƙonku ba, 'yar nan, na ɗauka lafiya ce. Kaina dai ke sarawa." Kafin la'asar tana kan gadon asibiti. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, da sai dai mu je gaisuwa.

Abu na uku ba magana ba ce. Yaya, matar mai faci, don Allah miƙe jama'a su gan ki. Ga ta can a layi na biyu, ga 'yarta a baya, wata huɗu, sai ƙiba take yi. A tafa mata!

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya sa albarka a abin da muka koya, Ya raya wannan yarinya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.