Motar Baba Ajagbe ta ƙi fitowa

A bencin mai gyaran kwamfuta a Ikeja, tsohon direba Baba Ajagbe ya dubi matar da ke gefensa.

"Iya, an zana min tsohuwar motata don wasan tuƙi na kwamfuta, amma ta ƙi fitowa a cikin wasan."

"Ina ka saka wasan a cikin kwamfutar?"

"Inda kwamfuta ta zaɓa. An ce kar a taɓa."

"In ji wa? Wurin nan tsaro gare shi, ba ya karɓar baƙon kaya. Sauya masa mazauni."

"Tafiye-tafiyen da na yi a wasan ba za su goge ba?"

"Kwafe su tukuna. Wai Baba, motocin wasan ba su ishe ka ba?"

"Ba su san ni ba. Waccan kuwa ina asibiti yarana suka sayar, ko sallama ba mu yi ba."