Zaren Gida a Keken Tela

A kasuwar Madawa, cikin shekarun yaƙi da zaren kanti ya ɓace, wani manomi na tsaye kan tela, ana ɗinka mishi bargo mai cushen auduga.

"Tela, juya shi in gani. Kai! Sama sumul, ƙasa kamar sheƙar tsuntsu?"

"Ba laihin kekena ba ne. In na matse zaren shi tsinke, in na sassauta shi cukurkuɗe. Wa ya kaɗa zaren ga?"

"Maiɗakina."

"To hannunta bai zamna ba. Nan kauri kamar igiyar guga, nan siriri kamar gashin jinjiri."

"Iya bakinka! Ka san wuyar murza mazari? Yatsu har sunka yi kanta!"

"Yatsun wa?"

"Nata mana."

"To mi ya kawo allin kaɗi ga naka yatsun?"

Manomin ya cusa hannu cikin riga.

"Sassauta murya, mutanen garinmu na kusa. Tun kaka take kwance, sanyi na cin ƙashinta. In ban kaɗa ba, wa za shi kaɗa?"

Tela ya ce, "Miƙo zaren, baba, da allura zan ɗinke bargon. Keken ga baƙo ne, bai san zaren kirki ba."