Ƙafar da Aka Binne a Gusau

A tashar Gusau, wata mata mai ɗankwalin zumuntar coci ta ga wani dattijo mai ƙafa ɗaya ya dogara da sanduna, ya ƙi shiga mota.

"Baba, mota ta cika, kai kaɗai ake jira."

"Su tafi. 'Ya'yana ne suka matsa in koma Kagoro in ƙarasa kwanana. To, ƙafata da aka yanke fa? A nan aka binne ta. Ranar tashin matattu a busa ƙaho, ni a Kagoro, ita a Gusau?"

"Haba Baba! Allahn da ya yi ka daga ƙasa, ƙafa ɗaya ce za ta gagare shi?"

"Ba za ta gagare shi ba. Amma kin san hanyar Tsafe. Kowa ya shige wurin Yesu, ni ina tsaye bakin ƙofa ina jiran saƙo."

"Ai sabon jiki aka yi mana alkawari."

"Tsohuwar nake so. Na saba da ita."

"A ina ma aka binne ta?"

"A maƙabartarmu. Dab da Marta, matata."

Matar ta dube shi, ta juya.

"Direba, sauke kayan Baba."